Idan man birki yana raguwa a tsohuwar MG: yadda ake bin sawun yoyo har a toshe shi

Motar da nake magana a kanta MGB ce ƙirar 1967, mai kujera biyu da rumfar tamfol, wadda mahaifinmu ya saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Sitiyarinta a dama yake, domin ta shigo ƙasar nan tun kafin a sauya hannun tuƙi a 1972. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a rufe a garejin gidanmu da ke Unguwar Rimi. Ranar da muka tayar da ita injin bai ba mu wahala ba. Birki ne ya kusa ja mini asara: na fito daga layi, na taka a bakin kwalta, sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Birkin hannu na ja, Allah ya tsare. Da na koma wajen wanda ya duba ta kwana uku kafin nan, sai ya ce mini, "Ai yallaɓai mai ne ya yi ƙasa, na kuma ƙara mata."

Man birki ba fetur ba ne. Ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa don an yi tafiya. A rufe yake cikin bututu, daga ƙarƙashin ƙafarka zuwa taya huɗu. Idan ka buɗe kofinsa ka ga ya ragu, to wani wuri ya bi ya fita, kuma aikinka shi ne ka gano wurin. Raguwa ɗaya ce kawai ba laifi: idan fatar birkin gaba tana cinyewa, fistan yana ƙara fitowa, mai yana bin bayansa, sai a ga ya ɗan sauka a hankali cikin watanni. Amma wanda za ka cika yau ka tarar ya sauka mako mai zuwa, wannan yoyo ne.

A wannan mota abin ya fi haɗari. An ƙera MGB a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma na farkon nan duk layin birki ɗaya gare su: masta ɗaya, wato silindar da fedar birki ke matsawa, mai fistan ɗaya, ke tura mai zuwa ƙafa huɗu. Ko a ina bututu ya huje, duk birkin ne ya tafi. Waɗanda aka kai Amurka daga 1968 ne suka fara zuwa da layi biyu, wanda idan gaba ya mutu baya zai ɗan riƙe. Ka duba taka: idan bututu ɗaya ne ke fita daga masta, to ba ka da na ajiya. Abin da zan faɗa a nan ya shafi 'yan uwanta irin su Triumph Spitfire, Datsun 240Z da Peugeot 504 Coupé, sai dai girman noti da wurin da kaya suke zaune ya bambanta.

Kafin ka taɓa sifana

Ka samu wuri mai siminti, shimfiɗaɗɗe. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Da zarar mota ta tashi, a sa mata ƙafafun ƙarfe, a kuma tokare tayoyin da ke ƙasa. Bulo ba abin dogara ba ne, yana fashewa ba tare da sanarwa ba. Ka tanadi tocila, tsumma mai tsabta, farin kwali, ƙaramin madubi, siririn tiyo mai haske da kwalba, da bokitin ruwa a kusa. Ruwan nan saboda fenti ne: man birki yana cin fenti, idan ya ɗiga a jikin mota a kwarara masa ruwa nan take, kada a goge da busasshen tsumma. Sai sifanar bututu, wadda bakinta zobe ne da aka ɗan tsaga don bututu ya wuce. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan notin birki, daga nan aikin awa ɗaya ya zama na kwana biyu.

Ƙafarka ce za ta fara gaya maka

Ka zauna a kujerar direba, injin a kashe. Idan motar tana da sarbo, wato tulun nan da ke taimaka wa ƙafa da zuƙar iskar injin, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Sannan ka taka da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar minti ɗaya.

Idan feda ta tsaya cak, matsi yana riƙe. Idan tana laushi kamar soso, ta kuma ƙara tauri in ka bubbuga ta, akwai iska a ciki, kuma iska ba ta shiga sai ta samu ƙofa. Idan ta yi nisa kafin ta kama amma da ta kama ta yi tauri, sau da yawa birkin baya ne ke neman a matso da shi. Idan kuwa tana zamewa ƙasa sannu a hankali ƙarƙashin ƙafarka, to mai yana gudu. Sai ka sauka ka duba kofi. In ya ragu, yoyon na waje ne. In bai ragu ba ko kaɗan, robar da ke cikin masta ce ta gaji, mai yana zagaye ta yana komawa kofi. Irin wannan ba za ka taɓa ganin ɗigonsa a ƙasa ba. Yakan fi bayyana in ka taka a hankali, domin taku mai ƙarfi yana buɗe leɓen robar ta kama bango na ɗan lokaci. Shi ya sa mutum zai gwada a gareji da ƙarfi ya ce lafiya lau, sai a cunkoson Kawo motar ta riƙa silalewa tana neman bayan ta gaba.

Bin sawu daga sama zuwa ƙasa

Ka wanke ƙarƙashin motar tukuna, ka bari ta bushe, ka cika kofi daidai layi, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana. Da safe kwalin zai nuna maka yankin da za ka fi mai da hankali. Lokacin hunturu ma ƙura tana yi maka rabin aikin: duk inda mai ke tsatsafowa za ka ga ƙurar wurin ta yi duhu ta dunƙule, sauran jikin ƙarfen kuwa fari fat.

Fara da masta. A MGB masta biyu ne a jere a kan akwatin feda, ɗaya na birki ɗaya na kuloci, kuma mai iri ɗaya suke sha, don haka ka tabbatar wanne ne ke raguwa. Ka cire murfin akwatin, ka ja robar ƙurar da ke bayan masta inda sandar feda ke shiga. Ya kamata ta kasance a bushe. Idan da laima, robar baya ta mutu. Sannan ka leƙa ciki wajen ƙafar direba: man yakan bi jikin feda ya sauka a kan takalmi ko kafet. Fentin da ya kumbura ya ɓare a ƙarƙashin masta shaida ce ta tsohon yoyo, ko da yau wurin a bushe yake.

Sarbo shi ne ɓarawon da ba a gani. Idan robar cikinsa ta lalace, mai yana taruwa a cikin tulun, injin kuma yana zuƙe shi ya ƙone. Kofi yana raguwa, ƙasa a bushe, wani lokaci farin hayaƙi ya fito ta salansa bayan an taka birki. Ka zare tiyon iskar da ke tsakanin sarbo da injin, ka zura tsinke mai auduga. In ya fito a jiƙe, ka kama shi.

Daga nan ka bi bututun ƙarfe da tocila da yatsa, taƙi bayan taƙi. Ka fi tsayawa a inda aka maƙale shi da jikin mota, domin nan laka ke kwana ta haifi tsatsa, da kuma saman aksul na baya. Ka duba kowace mahaɗa. A MGB na farko makunnin fitilar birki a jikin mahaɗar bututu yake, matsin mai ne ke kunna shi, shi ma yakan yi yoyo ta wajen wayoyinsa.

Tiyon roba uku ne: biyu a gaba, ɗaya a baya inda bututu ke sauka kan aksul. Ka lanƙwasa kowanne ka ga ko ya tsattsage. Ka sa wani ya taka birki da ƙarfi kana kallo. Tiyon da ya yi ƙulu ko ya kumbura ya gama aiki. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka tabbatar ba ya gogar taya.

A gaba faifai ne, da kalifa mai fistan biyu da ke matse shi. Ka cire taya, ka zare fatar birkin, ka duba gefen kowane fistan. A baya kuwa ganga ce, wadda makanikai ke kira durom, a cikinta akwai ƙaramin silinda da ake kira fot, mai tura takalman birki. A nan na samu matsalar tawa, kuma a nan aka fi samunta a motar da ta daɗe a ajiye. Tun kafin ka buɗe za ka iya ganin alama: laima a ƙasan farantin baya, ko zane-zanen mai a cikin taya. Ka sassauta ajasta, wato notin da ke matso da takalman kusa da ganga, ka zare gangar, ka ɗaga robar ƙura ta kowane gefen fot da ɗan yatsa. Ɗigo ɗaya ya isa hukunci. Ƙurar da ke cikin gangar kada ka hure ta da baki ko da iska, domin tsofaffin takalman birki da asbesto ake yin su, yana illa ga huhu. A jiƙa ta a goge.

Wani abu da ke ruɗar mutane: ba kowace laima ce man birki ba. Man giyar aksul yakan ɓullo cikin ganga idan sil, wato robar da ke tare shi, ya lalace, amma shi yana da kauri da wari mai hawa kai. Shokozoban MGB ma irin mai hannu ne, da mai a cikinsa, yakan ɗiga kusa da tayar gaba. Gwajin mai sauƙi ne: ka shafa a yatsa ka sa a ruwa. Man birki na yau da kullum yana narkewa ya bi ruwa, sauran kuwa suna tasowa sama.

Idan duk ka duba ba ka gani ba, akwai dabarar matse tiyo. A matse tiyon roba ukun nan da abin matsewa mai santsin baki, ba filaya mai haƙori ba, a taka birki. In feda ta tsaya da tauri, masta lafiya yake. Sai a riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka saki feda ta faɗi, matsalar tana ƙafarsa. Ba a yin wannan da tiyo mai saƙar waya, kuma tsohon tiyon da aka matse ni dai ba na mayar da shi aiki.

Gyaran kansa

Abin da ke kashe fot da masta ruwa ne. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan laimar iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa mizaninsa yakan sauka zuwa 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Motar da ta ga damina shida ta Kaduna a tsaye, da ruwan Agusta da komai, ruwan da ke cikin man yana kwanciya a ƙasan silinda ya ci ƙarfen ya bar ƙananan ramuka. Ranar da aka fara taka birki, roba ta bi ta kan ramukan ta yage.

Saboda haka kafin ka sayi sabuwar roba, ka fitar da fistan, ka wanke silindar da sipirit ko sabon man birki, ka haska tocila ciki, ka bi da farce. In santsi ne ko'ina, sabuwar roba za ta yi. In farcenka ya maƙale a rami, roba ba za ta yi magani ba, ko ta riƙe wata ɗaya za ta sake. A canza silindar gaba ɗaya. Ra'ayina game da fot na baya shi ne a sayi sabo kawai, kuma biyu, hagu da dama, domin tare suka tsufa. Na MGB wani zoben ƙarfe ne ke riƙe shi ta bayan faranti, mai wuyar zama; ka yi haƙuri da shi, ka tabbatar ya shiga raminsa duka.

Kada fetur, kananzir, gas ko man inji su taɓa robar birki. Suna kumbura ta har ta toshe hanya. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, domin a yawancin gareji da fetur ake wanke komai. Idan za ka sa roba, ka jiƙa ta da man birki, leɓenta ya fuskanci inda matsi ke fitowa. Ka ɗauki hoton yadda tsohuwar take zaune kafin ka cire.

Takalmin birki ko fatar da ta sha mai ta tashi daga aiki. Wasu suna wanke ta da fetur su ƙona, su goga sanfefa ta yi kyau a ido, amma da ta ɗauki zafi man da ke ciki zai sake tasowa, motar ta riƙa fizga gefe guda. A canza na ƙafa biyun tare. Ganga da faifai kuma a wanke su tas.

A kalifa, idan fistan ya yi tsatsa ko farin rufinsa ya ɓare, a sa sabo tare da robobinsa. Ba a raba kalifar MGB gida biyu don wannan aiki. Duk inda ka kwance washa, wato siririn zoben jan ƙarfe, a bakin tiyo ko a kan masta, sabuwa za ka mayar. Sabon tiyo kuma a fara ɗaure shi a jikin kalifa, sannan a riƙe ɗaya bakin da sifana a ɗaure notinsa, don kada ya murɗe.

Maganar bututun ƙarfe ita ce nake so a ji da kyau. Idan aka taka birki da ƙarfi, matsin da ke cikinsa yakan ninka na iskar taya sau talatin ko fiye. Ba a yi masa walda, ba a liƙe shi da gam, ba a naɗa masa roba. Bututun jan ƙarfe na firji da na'urar sanyaya ɗaki ba na birki ba ne, girgiza tana sa shi ya yi tauri ya tsage. A nemi na ƙarfe da aka yi don birki, ko mai haɗin jan ƙarfe da nikel, mai kaurin 3/16 na inci, a canza daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Bakinsa kuma a buɗe shi da na'urar yin baki, irin siffar da tsohon yake da ita, ko mai ninki biyu ko mai kumburi. Baki mai ninki ɗaya yana tsagewa. Farin tef na masu famfo ba shi da aiki a nan, domin ba zaren noti ne ke tare mai ba, bakin bututun ne.

Ga tarkon da ke jiran mai motar Ingila a Kaduna. Garin nan garin Fijo ne. A 1975 aka fara haɗa ta a Kakuri, bayanta kuma motocin Japan da Jamus suka cika gari. Kusan duk notin birkin da za ka samu a kasuwar Panteka na ma'aunin milimita ne, 10 da zare 1. Na MGB kuwa na inci ne, 3/8 mai zare 24. A ido kamar tagwaye suke, har ɗaya yakan fara shiga ramin ɗaya ya yi zagaye biyu ko uku, amma ba zai riƙe matsi ba, ko ya cinye zaren. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, ka gwada da hannu: notin da ya dace yana shiga lami lafiya, ba ya rawa, ba ya cijewa. In tsofaffin notinka suna da kyau, gara a mayar da su a kan sabon bututu. Robobi da fot na asali kuwa yawanci sai an yi odarsu daga waje, kuma jiran mako uku ya fi a sa wanda aka ce "kusan ɗaya ne".

Abu biyu da ake yi a hanya waɗanda ban yarda da su ba ko na kwana ɗaya: toshe bututun ƙafar da ke yoyo da ƙusa a ci gaba da tafiya da ƙafa uku, da zuba ruwan sabulu a kofi. Idan birki ya mutu a hanya, a ɗauko motar a kan wata.

Cire iska

Ka sayi mai a rufaffen gwangwani, DOT 4 ya wadatar, lita ɗaya. Wanda aka buɗe aka ajiye tun bara ya riga ya sha laima. Idan ka tarar man da ke motar ruwan shunayya ne, to DOT 5 ne na silikon, ba a gauraya shi da sauran. Koren man Citroën kuwa ko kusa da kofin kada ya zo.

Ka fara matso da takalman baya da ajasta har ganga ta kama, sannan ka ɗan sassauta ta juya. Sai ka fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta. A tawa mai sitiyarin dama, baya hagu, baya dama, gaba hagu, gaba dama. Ka sa tiyo mai haske a kan nonon cire iska, wato ɗan notin nan mai huji da ke jikin fot ko kalifa, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Idan tsohon masta ne ba a canza ba, ka sa guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, domin can ƙarshen silindar da roba ba ta saba zuwa ba akwai datti da zai yanke ta.

Aikin na mutum biyu ne, kuma da baki ake yin sa. Ni da ɗan yayana muka yi. "Taka, ka riƙe." "Na riƙe, Kawu." Sai in buɗe nono kwatan zagaye, mai da kumfa su fito, in rufe. "Saki a hankali." "Na saki." Kada ya ɗaga ƙafa kafin ka rufe, in ba haka ba iska za ta koma. Bayan kowane taku biyar ko shida ka leƙa kofi ka ƙara. In ya ƙafe, aiki ya koma farko. Ka ci gaba har mai ya fito garau, ba kumfa, ba baƙi. Idan ka yi ta yi feda ta ƙi tauri, ka duba ko an sauya wa kalifa gefe: nonon cire iska dole ya kasance a sama, domin iska sama take taruwa.

Da ka gama, ka wanke duk mahaɗun da ruwa, ka busar, ka sa a taka birki da iyakar ƙarfi na minti ɗaya kana bin kowace mahaɗa da farar takarda. Ka mayar da tayoyi, ka gwada birkin hannu, sannan ka gwada motar a cikin layi da gudun tafiyar ƙafa kafin ka ƙara. Ka lura ko tana ja gefe guda. Da ka dawo ka kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi birkinta yana riƙewa. Ka sa alama da alƙalami a daidai inda mai ya tsaya, ka mayar da kwali ƙarƙashinta, ka duba da safe, ka sake dubawa bayan mako ɗaya. Ka rubuta ranar a takarda ka ajiye cikin motar, domin bayan shekara biyu za a zubar da man nan a sa sabo, ko an hau ta ko ba a hau ba. Tsakanin nan kuma, ko ba za ka fita da ita ba, ka riƙa shiga duk mako biyu kana taka birkin sau goma, don robobin su motsa a cikin silinda.